Maƙala Kan Ƙuda Mai Dogayen Ƙafafu

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ƙagi halitta iri-iri, Ya ba kowace tata sura da nata abinci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, ba kowane ƙuda ne na juji ba. Bahaushe da kwaɗayi ya san ƙuda, har ya ce wajen kwaɗayin akan mutu. To, akwai wani jinsi da masana ke kira Dolichopus, wato "doguwar ƙafa" da Girkanci, sunan da Latreille, masanin ƙwari na Faransa, ya raɗa masa a 1796. Ire-irensa sun haura 600, mafi yawansu a Turai da arewacin Asiya da Amurka ta Arewa.

Girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, kore ne mai sheƙi da ɗan sirkin ruwan tagulla. Mazauninsa bakin rafi da fadama, inda za ka gan shi tsaye cak bisa ganye. Sana'arsa farauta: yakan cafke ƙananan ƙwari masu taushin jiki da 'yan tsutsotsi, ya damƙe su da leɓɓansa ya tsotse. Tsutsarsa ma farautar take yi a cikin taɓo da ƙasa mai danshi.

Babban abin al'ajabin yana ga namiji, domin da yawansu an yi musu ado a ƙafa. Wani ƙarshen ƙafarsa ta gaba ya yi faɗi, baƙi wuluk kamar 'yar tuta. Wani kuma, kamar wanda ake kira plumipes, gashi ne jere a ƙafarsa ta tsakiya tamkar na tsuntsu. In zai nemi mace sai ya matso kusa da ita yana kaɗa adon nan, yana karkaɗa fukafukai. Da wannan ado masana kan tantance wannan iri daga wancan, don matan kan yi kama da juna ƙwarai.

Ba banza ba Allah Ya buga misali da ƙuda a Suratul Hajji, aya ta 73, don bayyana gazawar duk abin da ake bauta wa koma bayanSa. Ɗan Adam ya shafe sama da shekara 200 yana ƙidayar wannan jinsi guda yana raɗa sunaye, har yau yana gano sababbi, amma ko ƙafa ɗaya bai iya ƙagowa ba. Saboda haka in ka ga ɗan ƙaramin abu bisa ganye, ka dube shi da idon basira kafin ka kore shi, ka yi tasbihi ga Mahaliccinsa. Allah ne Mafi sani.