Gumakan da Suka Kasa Gadin Azurfarsu



'Yan uwa, kalmar dinari da muke karantawa a Suratu Ali Imrana da babin zakka, asalinta daga Rumawa take. Suna da wani kuɗin azurfa mai suna dinariyus, wanda suka fara bugawa wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), nauyinsa kusan giram 4.5. Daga baya sunan ya koma kan kuɗin zinare, a haka Larabawa suka karɓe shi.

Abin da nake so mu duba shi ne hoton da ke jikin kuɗin. A gefe guda kan gunkiya Roma ne da hular ƙarfe, a ɗaya gefen tagwayen gumaka Kasto da Folus a kan dawaki. Wasu kuɗin Jufita ne a kansu, wasu Mas, gunkin yaƙi. Maƙerar kuɗin ma a jikin ɗakin bautar gunkiya Juno take. A shekara 44 kafin Miladiyya, Yuliyas Kaisar ya sa fuskarsa a gaba, a baya kuma gunkiya Binas, wadda yake da'awar wai ita ce kakar danginsu. A watan Maris na shekarar aka daddaɓa masa wuƙa har ya mutu. To ina kakar tasa take?

Bari ku ji abin da ya fi wannan. A shekara 64 Miladiyya sarki Nero ya rage nauyin kuɗin, ya garwaya azurfar da tagulla. Na bayansa suka ɗora. Zuwa wajen 270, kuɗin da ya gaji dinariyus azurfarsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Gumaka na nan daram a jiki, ana satar azurfa a ƙarƙashinsu, ko uffan ba su ce ba. Dama ba sa ji, ba sa gani. Talaka ne ya sha wuya, farashi ya yi ta hawa.

A shekara 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga dinarin da babu hoto ko ɗaya a kansa, sai kalmar tauhidi da ayoyin Alƙur'ani. Alhamdulillah da wannan ni'ima.

Amma ya kai ɗan uwa, ka tsaya ka yi tunani. Barume ya yi algus a gaban gunkin da ba ya gani. Kai da ka rubuta sunan Allah a ƙofar shagonka, sannan ka buge gindin mudu, ka zuba wa madara ruwa, a gaban Wa kake yi? Ubangijinmu Mai ji ne, Mai gani, kuma Ya saukar da sura guda da sunan masu tauye awo. Wallahi idan aka bar rubutu a allo aka cire gaskiya a ma'auni, an koma kuɗin Rumawa: waje ƙyalƙyali, ciki tagulla.

Gobe kafin ka buɗe shago, duba mudunka da sikelinka.

Allah Ya tsare mu daga shirka da algus, Ya sa albarka a nemanmu. Amin.