Nawayar Uwargida, A Kan Wa Ta Ke?

Ya ku 'yan'uwa, maza da mata, ga wata tambaya da ta isa a zauna a auna ta da hankali. Idan rana ta faɗi aikin gida bai ƙare ba, tuwo bai sauka ba, randa ba ruwa, jariri kuma yana ta kuka, laifin wane ne? Yawancin mutane ba su jinkirin amsawa. Su kan ce laifin matar gidan ne, ko dai ragguwa ce, ko kuwa ba ta iya tsara aikinta ba. Amma alƙalin da ya yanke shari'a tun bai ji shaida ba, ba alƙalin kirki ba ne. Bari mu ji shaida tukuna, kana mu yanke.

LISSAFIN YINI ƊAYA

Tun assalatu uwa ta ke tashi. Ta hura wuta, ta dama koko ko ta yi ɗumame, ta share tsakar gida, ta wanke yara ta shirya su zuwa makaranta. Sa'an nan ga ruwa. Masana lafiya sun ƙiyasta mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 kowace rana domin sha da girki da ɗan abin da ya wajaba na tsabta. Gidan mutum bakwai ke nan yana bukatar lita 140, watau kusan jarka shida mai cin lita 25. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, saboda haka kowace jarka kilo 25 ce a bisa kan wadda ta ɗauko ta. Bayan ruwa ga surfe da bakace, ga kai niƙa da tankaɗe, ga talge da tuƙin tuwo da kaɗa miya, ga wanki da wanke-wanke, goyo kuwa yana bayanta. Da yawa cikinsu suna da sana'a bisa kan wannan duka, wata tana suyar ƙosai, wata ƙuli-ƙuli, wata kitso, wata tana koyarwa a makaranta ko tana aikin jinya.

Abin lura shi ne, aikin gida ba a ganinsa sai ranar da ba a yi shi ba. Manomi ya kan juya da yamma ya dubi kunyoyin da ya yi, magini ya dubi bangonsa. Amma tsakar gidan da aka share da safe ta ɓaci kafin azahar, tuwon da aka yini ana wahalarsa an cinye shi cikin ɗan lokaci kaɗan. Domin wannan mutane su ke rena shi. Amma rashin ganuwa ba ya rage nauyin aiki, gama harsashin gini ma a ɓoye ya ke, shi kuwa ke riƙe da soro.

KO ƘANƘANEN AIKI NE?

Wanda ya ke tsammani aikin randa da moɗa ƙanƙane ne, bari ya tuna da labarin kurkunu. Wannan tsutsa ta kan shiga jikin mutum ta wurin ruwan tafki, ta yi wajen shekara guda a ciki, kana ta huda fata ta fito, yawanci a ƙafa, ta kwantar da manomi a tsakiyar aikinsa. Sa'ad da aka yi ƙidaya a Nijeriya wajen shekarar 1988, an sami mutum fiye da 650,000 masu fama da ita. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta kuwa da ƙwayar da ke kashe ta. Aka yaƙe ta da rijiyoyi masu tsabta, da maganin da a ke zubawa a tafki, da hana mai ciwon shiga ruwa, da tace ruwan sha da ƙyalle kowace rana. Mai ciwon na ƙarshe a Nijeriya an same shi a shekarar 2008, a shekarar 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. Wane ne ya riƙa tace ruwan nan safe da yamma cikin dubban gidaje? Yawancinsu mata ne waɗanda ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Hannun da ke riƙe da moɗa, shi ke riƙe da ran mutanen gida.

GA UWA: ABIN DA ZA KI SA GABA

Ke 'yar'uwa, ba za ki iya gama kome a yini ɗaya ba, wannan kuwa ba zunubi ba ne, gama Mahaliccinki ya ba ki hannu biyu kaɗai. Hikima ita ce ki rarrabe ayyukanki kashi uku: wanda ke tsaron rai, wanda zai iya jiran gobe, da wanda a ke yi domin idon mutane kawai. Na fari kada ki sake da shi. Na biyu ki yi shi sa'ad da kika sami dama. Na uku ki bar shi ba tare da jin kunya ba. Ga waɗanda ke tsaron rai.

Na fari, ruwan sha. Idan ba ki amince da inda ya fito ba, ki tafasa shi har ya yi minti guda yana ɓararraka. Ki rufe randa, ki keɓe mata moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita, ba a kuwa ajiye ta ƙasa.

Na biyu, wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba, bayan fitowa daga bayan gida, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki, da kafin ci. Inda ba sabulu, toka ta fi babu. Kada mutum biyar su tsoma hannu cikin ƙwarya ɗaya, a riƙa zuba wa kowa daga buta.

Na uku, nono. Ki sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa, kada ki zubar da dakashi, gama shi ne garkuwarsa ta fari. Har wata shida nono kaɗai ya ishe shi, ko da cikin bazara ne, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Bayan wata shida ki ƙara masa da kunu mai kauri wanda aka sa wa gyaɗa ko waken soya, da ƙwai, da garin zogale, kina ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

Na huɗu, gudawa. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Ki ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a ɗaki tun ciwo bai zo ba. In babu, ki sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, ki zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, ki motsa, ki riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Kada ki ƙara gishiri bisa wannan awo, abin da ya kwana ya yini kuwa ki zubar ki haɗa sabo. Kada ki rena wannan haɗi domin araharsa. A shekarar 1971, sa'ad da kwalara ta faɗa wa masu gudun yaƙi daga Bangladesh a ƙasar Indiya, wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya yi aiki da irinsa, masu mutuwa suka ragu daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Ki nemi ƙwayar zinki kuma a asibiti, ta kwana 10 zuwa 14. Idan yaro ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko kika ga jini cikin kashinsa, a kai shi asibiti nan da nan.

Na biyar, gidan sauro kowane dare, musamman ga yara da mai ciki. Zazzaɓi kuwa kada a bar shi ya kwana biyu ba a gwada jini ba.

Na shida, wuta da guba. Kada ki bar mai rarrafe kusa da murhu, kada kuma a zuba kananzir cikin kwalbar lemo, gama yaro ba ya iya rarrabewa. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a hanzarta zuwa asibiti.

DABARUN RAGE WAHALA

Da sanyin safiya a kan kama fara, amma aikin safe da dare a ke shirya shi. Ki jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri ya rage miki itace. Ki rufe tukunya da murfi. Ki yi girki da busasshen itace a wurin da iska ke ratsawa, gama hayaƙin murhu cikin rufaffen ɗaki yana ɓata huhun uwa da na ɗan da ke bayanta. Murhun da aka kewaye da laka ya fi duwatsu uku tattalin itace. Ki kai niƙan kwana uku ko huɗu a tafiya ɗaya. Lokacin da kuɓewa da tumatir da tattasai su ke araha, ki yanka ki shanya bisa tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba. Wake kuma, in ya bushe sarai aka zuba shi cikin buhun nan mai leda biyu a ciki da a ke kira PICS, wanda aka soma yaɗawa a ƙasashenmu a shekarar 2007, aka ɗaure kowace leda tam, ƙwarin ciki za su mutu don rashin iska, ba sai an barbaɗa guba cikin abinci ba. Kowane abu kuma ki ba shi mazauninsa, wuƙa da ashana da magani a sama inda hannun yaro ba ya kai, gama lokacin da a ke ɓatawa wajen neman abu ya isa a huta a cikinsa.

GA MAIGIDA

Yanzu fa mu komo ga tambayarmu. Ko da uwa ta bi dukan dabarun nan, lissafi bai cika ba, gama aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai ɗan'uwa, wataƙila za ka ce, ai ni ina gona, ina kasuwa, ni ke kawo hatsi. Gaskiya ne, ba wanda ya rena guminka. Amma ka lura, aikinka yana da lokacin tashi, yana da rani bayan damina. Nata ba shi da rani, ba shi da ranar hutu, ko da dare kuwa ita ke tashi in yaro ya motsa. In ka komo ka zauna gindin bishiya kana hira har magariba, ita kuwa tana tsaye tun asuba, ma'aunin gidanka ya karkace.

Wani kuma zai ce, ba al'adarmu ba ce. To, bari mu tambayi al'adar. Tun kaka da kakanni an san itace da ruwa suna cikin abin da miji ke ɗauke wa matarsa a gidaje da yawa na ƙasar Hausa. Wanda ya bar wa mace jarka da gatari, shi ne ya saki al'ada. Wani kuwa tsoronsa kada a kira shi mijin-ta-ce. Ka auna da kanka, wanne ya fi nauyi, dariyar abokan hira, ko lafiyar wadda ka ɗauki alkawarin riƙonta a gaban Allah da shaidu? Masu dariyar nan ba za su yi jinyarta ba ranar da ta kwanta. Shugaban gida na gaskiya shi ne wanda ya fara sa kafaɗa ƙarƙashin kaya. Ka ɗebo ruwa, ka faskara itace, ka karɓi jariri sa'ad da ta ke tuƙa tuwo, ka raka yaro asibiti. Sa'ad da ta ke da ciki, da kwanakin jego, ka ɗauke mata kaya mai nauyi ɗungum. Ka kuma koya wa bakinka cewa sannu da aiki, gama godiya ba ta cin kuɗi, rashinta kuwa yana karya zuciya.

GA 'YA'YA DA MAƘWABTA

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaro ɗan shekara huɗu ya iya tattara kwanoni, ɗan shekara bakwai ya iya shara da ba kaji hatsi, ɗan shekara goma ya iya wanke tufafinsa. A koya wa maza kamar yadda a ke koya wa mata, domin yaron da bai taɓa riƙe tsintsiya ba, shi ne mijin da zai rena matarsa gobe. Amma a yi hattara da wani zalunci da ke ɓuya cikin rigar taimako, watau a sauke kayan uwa a ɗora wa babbar 'ya, a hana ta makaranta domin reno da talla. Wannan ba rage nawaya ba ne, miƙa ta ne ga wadda ta fi rashin ƙarfi.

Ku maƙwabta kuma, da ku mata na jama'a, kun san gayya a gona, me zai hana gayya a gida? Wannan ta kai niƙan gida uku yau, waccan ta tsare yara gobe. Uwar miji ta tuna da kwanakin da ita ma ta yi goyo, ta zama inuwa ga surukarta. Gwauruwa da mai jego da mai jinya, a fara da su.

YANKE SHARI'A

Mun ji shaida. Nawayar gida ta dukan masu ci daga tukunyar gidan ce, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Wanda ya ci tuwo ya tashi bai tambayi abin da ya rage na aiki ba, ya ci bashi, ko da bai sani ba. Adalci da ƙauna da mu ke yabo a bainar jama'a, a bakin murhu a ke fara gwada su, gama mutum ba ya zama mai tausayi a waje alhali yana da tauri a cikin gidansa.

Saboda haka, a daren yau, bayan an ci abinci, maigida da uwargida su zauna su lissafta ayyukan gobe ɗaya ɗaya, su sa wa kowane aiki sunan mai yinsa. A bar wa uwa sa'a guda cikin yini wadda ba mai kiranta, domin ta huta, ta yi tunani, ta yi addu'a. Allah ya ba mu idon ganin wahalar na kusa da mu, da hannun da zai ɗauke ta.