'Yar Rigar Sama'ila

Karatu: 1 Sama'ila 2:12-26

Dukanmu mun san labarin Hannatu, yadda ta roƙi ɗa a wurin Allah, da ta yaye shi kuma ta kai shi Shilo ta danƙa shi a hannun Eli firist. Amma akwai wani ƙaramin abu cikin labarin wanda mukan wuce da sauri. Kowace shekara Hannatu takan ɗinka wa yaron 'yar riga, ta tashi daga Rama tare da mijinta Elkana, ta kai masa lokacin hadaya. Mace ba ta iya ɗinka wa yaro riga sai ta san girmansa. Ashe, ko da yake Sama'ila yana hannun malaminsa, uwarsa tana lura da yadda yake girma.

A wannan gida kuwa akwai 'ya'yan Eli biyu, Hofni da Finehas. Su ma a wurin ibada suka tashi, ba su rasa koyarwa ba. Duk da haka suka lalace, Allah kuwa ya ɗora wa ubansu laifi, gama ya san muguntarsu amma bai hana su ba. Uwar da ke nesa ta kula da ɗanta, uban da ke kusa ya yi sakaci da nasa.

Mu iyayen yau, wanne muka fi kama da shi? Da yawa cikinmu mukan saya wa yaro rigar makaranta da littafi da fensir, mu kai shi bakin ƙofa, mu ce mun gama. Sai ranar da ya faɗi jarrabawa mu tuna da hanyar makarantar, mu tafi da faɗa.

Iyayenmu ba haka suka yi ba. A zamanin makarantun mishan, sau da yawa aji da ɗakin sujada a fili ɗaya suke, malamin da ke koyar da yara ran Litinin shi ne mai wa'azi ran Lahadi. Maza suka kwaɓa ƙasa, mata suka ɗebo ruwa, aka yi jinka tare. Sa'ad da aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, mutane suka yi marmarin karatu domin su karanta Maganar Allah da idonsu. Daga baya, cikin shekarun 1970, gwamnati ta karɓi yawancin makarantun mishan, a 1976 kuma aka soma shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro a Nijeriya. Wannan ya buɗe wa talakawa ƙofa, mun gode wa Allah. Amma tun daga nan waɗansunmu suka ce makaranta ta gwamnati ce, suka janye hannu. Alhali dokar da aka kafa a 2004, wadda ta mai da karatun shekara tara tilas, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, ta ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya shiga ya kuma gama. Idan dokar ƙasa ba ta sauke mana wannan kaya ba, balle Allah wanda ya ba mu yaran amana.

Mu yi lissafi kaɗan. Mako ɗaya awa 168 ne. Yaron firamare yakan yi kamar awa shida a makaranta, kwana biyar, wato awa talatin. Sauran duka yana hannunmu. Malami kuma yana da yara cike da aji, mu kuwa namu kaɗan ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, me za mu yi? Na fari, mu san malamin ɗanmu, shi ma ya san mu. Mu je mu gaishe shi tun babu laifi, mu tambayi inda yaron yake da ƙarfi da inda yake tuntuɓe. Idan an kira taron iyaye da malamai, kada uba ya ce aikin mata ne, kada uwa ta ce aikin maza ne.

Na biyu, mu ba yaro lokaci da fitila da dare. Wani zai ce, ni ban yi karatu ba, yaya zan taimake shi? Ɗan'uwa, kana da kunne. Ka ce ya karanta maka da ƙarfi, ka tambaye shi ma'anar abin da ya karanta. Yaron da ya san za a tambaye shi a gida yakan kasa kunne a aji. A sujadar iyali kuma, a ba shi Littafi ya karanta ayoyin.

Na uku, kada mu sace wa yara kwanakinsu. Ranar kasuwa, lokacin shuka da lokacin girbi, akan ga aji ya ragu. 'Yan mata ne suka fi shan wannan, saboda talla da reno. Ribar tallan yini ɗaya takan ƙare kafin gari ya waye, amma darasin da yarinya ta rasa ba ya dawowa da sauƙi.

Na huɗu, kada mu zagi malami a gaban yaro. Idan ya yi kuskure, mu same shi shi kaɗai cikin ladabi, in ta kama mu je wurin shugaban makaranta. Yaron da ya ji an raina malaminsa a gida ba zai ƙara koyon kome a wurinsa ba.

Ekklesiya ma tana da nata rabo. Dattawa da Zumuntar Mata su san marayu da 'ya'yan gwauraye da ke cikinmu, su tsaya musu a matsayin iyaye. Mu riƙa ambaton malamai cikin addu'armu, ko masu bi ne ko ba masu bi ba, gama 'ya'yanmu suke yi wa hidima.

Mu tuna da Timoti. Kafin ya sadu da Manzo Bulus, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki sun riga sun shuka bangaskiya a zuciyarsa, ya san Littattafai tun yana ɗan yaro. Bulus ya yi gini ne a kan harsashin da aka sa a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubangiji ya ba mu alheri mu riƙe amanarsa, domin ranar da ya tambaye mu 'ya'yanmu kada mu sunkuyar da kai. Amin.