Wutar Bazara Amana Ce

Ya ku ƴan'uwa Musulmi na Urafane, bazara ta kankama a ƙasar Tasawa da Mayahi: ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa, manoma na ƙona sharar gona. Garwashi guda ya isa ya cinye rumbunan gero na gari. Da wani gida ya ƙone a Madina cikin dare, Manzon Allah (SAW) ya yi umurni a riƙa kashe wuta kafin barci. Malaman Malikiyya kuwa sun hukunta cewa wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi har ta ci dukiyar wani, biya ya hau kansa. Ku share kewayen rumbuna, ku tanadi ruwa da yashi. Shiri ba ya kore tawakkali. Allah Ya tsare mu, amin.