Bashin da ke Wuyan Maƙerin Bindiga

Duk abin da hannun ɗan Adam ya ƙera yana iya fitowa da aibi. Mota takan fito da birkin da ba ya kamawa, magani yakan fito da gurɓataccen sinadari, kuma idan haka ta faru akan yi shela a ce wa jama'a su mayar da kayan domin a gyara ko a musanya musu. Bindiga ma ƙira ce, sai dai ita tun asali don kisa aka yi ta. Saboda haka amanar da ke tsakanin maƙerinta da mai sayenta ta rataya ne a kan alkawari guda: ba za ta tashi ba sai an ja kunamarta. Idan wannan alkawari ya karye, me maƙeri zai biya kafin a ce ya fita haƙƙin mutane? Zan bi wannan tambaya ta hanyar wata shari'a da aka yi a Amurka, ƙasar da aka ƙiyasta cewa bindigogin da ke hannun farar hula sun fi mutanenta yawa.

Kamfanin Remington, wanda tarihinsa ya faro a 1816 a jihar New York, ya fitar da wata bindigar farauta mai suna Model 700 a 1962. Ta karɓu ƙwarai a wajen mafarauta, har 'yan sanda da sojoji suka riƙa amfani da ita, domin tana da saiti kuma kunamarta na da laushi. Wani injiniyan kamfanin, Mike Walker, shi ne ya tsara wannan kunama tun a shekarun 1940. A cikinta akwai wani ɗan guntun ƙarfe da ba a manne shi da jikin kunamar ba, waya mai tsalle ce kawai ke riƙe da shi a mazauninsa. Shi ne ke tallafe da ƙarfen da ke tsare allurar da ke dukan harsashi. Masu ƙorafi sun ce idan datti ko tsatsa ko busasshen mai ya shiga tsakani, guntun ƙarfen yana iya gocewa ya kasa komawa wurinsa. A wannan hali makullin kariya ne kaɗai ke riƙe da harbin, kuma da zarar mai bindiga ya buɗe makullin sai ta tashi, alhali yatsansa bai kusanci kunama ba. Abin ya ƙara muni ga bindigogin da aka ƙera kafin 1982, domin su ba a iya fitar da harsashi daga cikinsu sai an buɗe makullin. Wato lokacin da mutum yake ƙoƙarin kwance haɗari, a lokacin ne haɗarin ya fi kusa da shi.

A 2010 gidan talabijin na CNBC ya gabatar da wani bincike da ya danganta wannan kunama da mutuwar mutane sama da 20 da raunata fiye da 100. Takardun cikin gida na kamfanin sun nuna cewa tun a 1948 Walker da kansa ya ba da shawarar wani gyara, aka lissafa kuɗinsa santi biyar da rabi a kan kowace bindiga, aka bar shawarar. Daga cikin waɗanda suka rasu akwai wani yaro ɗan shekara 9 a jihar Montana a shekarar 2000. Mahaifiyarsa tana ƙoƙarin fitar da harsashi daga bindigarta, harbi ya fita, ya ratsa tirelar dawaki, ya same shi a ɗaya ɓangaren inda ba ta ganinsa.

Mai karatu zai iya tambaya, ina hukuma take duk tsawon wannan lokaci? Amsar tana da ban mamaki. Amurka ta kafa hukumar kula da lafiyar kayan masarufi a 1972, mai ikon sa a janye gadon jarirai ko tukunyar lantarki daga kasuwa, amma doka ta cire bindiga da harsashi daga hurumin hukumar, kuma majalisar dokoki ta ƙara jaddada hakan a 1976. Bindigar wasan yara tana ƙarƙashin ikonta, ta gaske kuwa ba ta ciki. Babu wata hukumar tarayya da za ta tilasta wa maƙerin bindiga ya janye kayansa. Shi ne mai cewa akwai aibi ko babu, shi ne mai zaɓen lokacin shela, shi ne kuma mai zaɓen sunan da zai kira abin. A 2017, alal misali, da aka nuna cewa ƙaramar bindigar SIG Sauer P320 tana iya tashi idan ta faɗi ta wata fuska, kamfanin bai ce ya janye ta ba, sai ya kira shirinsa ingantawa ta ganin dama. Abin da ya rage wa masu bindiga shi ne kotu.

Kotun kuwa sun je. A ƙarshen 2014 Remington ya amince da sulhu a wata ƙarar taron dangi, kuma wani alƙalin tarayya a Kansas City ya tabbatar da sulhun a watan Maris na 2017. Ya shafi bindigogi kimanin miliyan 7.5. Mafi yawan masu su za a canja musu kunama kyauta. Masu tsofaffin samfura, waɗanda aka ce sun tsufa da gyara, takardar rangwame ta dala 10 ko dala 12.50 aka ware musu, kuma ba ta da amfani sai wajen sayen wasu kayan Remington ɗin. Lauyoyin masu ƙara sun samu dala miliyan 12.5. Kamfanin bai amsa cewa akwai aibi ba. A lokacin da alƙali ya sa hannu, mutane kimanin 22,000 ne suka nemi gyaran, wato kusan bindiga uku cikin kowace dubu.

Adalci ya wajabta a saurari kamfanin. Hujjarsa ita ce miliyoyin waɗannan bindigogi sun yi shekaru hamsin a daji ba su cuci kowa ba, kuma haɗurran da aka samu sun faru ne saboda rashin tsaftace bindiga, ko taɓa saitin kunama da wasu ke yi a gida, ko yatsan da ya ja kunama mai shi bai sani ba. Ya kuma dogara da ƙa'idar da kowane maharbi ya sani, cewa ba a nuna bakin bindiga ga abin da ba a yi niyyar harbi ba. Akwai gaskiya a cikin wannan. Mutumin da ya harbi ɗan'uwansa bisa kuskure yana da kowane dalili na son a ce laifin ƙarfe ne, kuma ba kowane labari ne za a karɓa ba tare da bincike ba. Sannan idan mutum ya sayi bindiga a 1975, ya yi farauta da ita shekara arba'in, aka kuma sa masa sabuwar kunama kyauta, wace asara ce ta rage da zai nemi a biya shi?

Idan da asarar ta tsaya a kan darajar kaya, da na yarda cewa an biya. A kasuwar dabbobi, idan ka sayi sa, daga baya ka gano yana da ciwon da mai shi ya ɓoye, kana da haƙƙin mayar da shi ka karɓi kuɗinka, ko a rage maka gwargwadon aibin. Malaman fiƙihu sun daɗe da tsara wannan, kuma dillalai sun san shi ko ba su karanta ba. To amma ciwon sa a jikin sa yake tsayawa, asarar kuma a aljihun mai saye. Aibin kunama ba ya rage darajar bindiga kaɗai, yana mayar da mai ita mutumin da zai iya kashe ɗansa ba da nufinsa ba. Wannan ba abu ne da ake aunawa da kuɗin ƙarfe ba. Abin da mai saye ya fi buƙata daga maƙeri, tun kafin kuɗi da gyara, shi ne a faɗa masa gaskiya a kan kari, da harshen da zai sa ya ajiye bindigar nan take. A ganina wannan ne asalin bashin, kuma shi ne aka ƙi biya.

Dubi yadda sulhun ya kasance. Da hannu ɗaya ana miƙa wa mutum sabuwar kunama, da ɗaya hannun ana gaya masa cewa tsohuwar lafiyarta ƙalau. Wane mafarauci ne zai naɗe bindigar da yake ƙauna, ya aika da ita wani gari, ya yi makonni yana jira, domin a gyara abin da maƙerin ya rantse ba shi da matsala? Ƙarancin masu neman gyara ba abin mamaki ba ne, ɗiyan wannan baki biyu ne. Manyan lauyoyin gwamnati na wasu jihohi, Massachusetts na kan gaba, sun nemi kotu ta ƙi sulhun, suna cewa sanarwar ba ta nuna wa jama'a girman haɗarin ba. Ba na cewa masu bindigar ba su da nasu rabon. Wasu sun fi son laushin tsohuwar kunama, wasu kuma ba sa son sunansu da lambar bindigarsu su shiga kowane irin kundi. Sai dai mutum yana da ikon ɗaukar kasada ne idan ya san kasada ce. Wanda aka kwantar wa hankali da ƙarya, ko da rabin gaskiya, ba a ce ya zaɓa ba.

Takardar dala 10 kuwa ta cancanci a tsaya a kanta. Ba ƙanƙantarta ce ta fi damuna ba. Bindigar da aka ba da takardar dominta tana nan a gida, da kunamarta yadda take, ba a gyara ba, ba a karɓe ba. Abin da takardar ta yi shi ne mayar da mai ƙorafi mai ciniki, domin ba za ta amfane shi ba sai ya koma shagon wanda ya kai ƙara. Da kamfanin ya sayi tsofaffin bindigogin ya narkar da su, da kuɗin ya yi aikin da diyya ke yi, wato rage cuta a duniya.

Akwai kuma wani gibi da kalmar "mai bindiga" ke rufewa. Sulhun ya yi magana ne da wanda ya biya kuɗi ya saya, amma harsashi ba ya tambayar rasit. Yaron Montana bai sayi komai ba. Abokin farauta, maƙwabci, matar gida da ke wanke-wanke a bayan bango, duk suna cikin haɗarin, kuma babu wanda ya nemi yardarsu lokacin da mai bindiga ya ga bai kamata ya wahalar da kansa da gyara ba. Gaskiya ne sulhun bai hana wanda ya ji rauni ko ya rasa ɗan'uwa shigar da tasa ƙarar ba, kuma an yi irin waɗannan ƙararraki da dama. Amma da yawa daga cikinsu an kashe su ne a asirce, aka biya iyali bisa sharaɗin yin shiru. Ba zan zargi uwar da ta karɓi kuɗi ta rufe baki ba, ta riga ta sha abin da ya fi ƙarfinta. Abin tambaya shi ne ko ya halatta a sayi shirunta, alhali abin da ta sani shi ne zai ceci ɗan wata. Kuɗin da aka biya ta diyya ce ta wani ɓangare, ta wani ɓangaren kuma farashin jahiltar da sauran jama'a ne, kuma sauran jama'ar ba su ga ko sisi ba.

Za a iya cewa ina neman abin da ba kamfanin da zai iya yi ya rayu, domin amsa aibi a bindiga miliyan 7.5 tamkar sa hannu ne a takardar mutuwarsa. Wataƙila haka ne. Kamfanin Takata na Japan ya durƙushe a 2017 bayan da hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka ta tilasta janye miliyoyin jakunkunan iska masu fashewa, kuma ban ji wanda ya ce da an bar su a cikin motoci domin kamfani ya tsira ba. Tsadar gaskiya a 2014 ta samo asali ne daga ƙin faɗarta lokacin da take da araha. A 1948 santi biyar da rabi ne. Kowace shekara da aka yi shiru sai aka ƙara ƙera wasu dubbai, bashin ya ƙara nauyi, har ya kai inda girmansa ya zama hujjar ƙin biyansa. Ba na jin wanda ya tara wa kansa bashi da gangan zai iya kafa hujja da yawansa.

Remington ya san yadda ake yin shelar da ba ta da kwana-kwana. A watan Afrilun 2014 ya janye bindigogin da ke ɗauke da sabuwar kunamarsa, X-Mark Pro, waɗanda aka ƙera tsakanin 2006 da 2014, saboda gam ɗin da ya yi yawa wajen haɗa su, ya kuma ce wa masu su su daina amfani da su nan take. Kuskuren masana'anta na shekara takwas ya iya amsawa. Zargin da ke kan tsarin da ya yi shekara sittin yana sayarwa ne bai taɓa amsawa ba.

Wa'adin neman gyara ya ƙare a watan Afrilun 2020. Bayan wata uku kamfanin ya bayyana karyewarsa a karo na biyu cikin shekara uku, aka yanyanka kadarorinsa aka sayar wa masu saye daban-daban, kuma a 2024 aka rufe tsohuwar masana'antar da ke garin Ilion. Bindigar farauta kuwa, idan ana shafa mata mai, takan wuce shekara ɗari. Miliyoyin da ba a kai gyara ba suna nan a kabad da bayan motoci, ana gadonsu, ana sayar da su hannu da hannu ga mutanen da ba su taɓa jin labarin shari'ar Kansas City ba.