Adalci Wajen Auna Fim Ɗin Masu Ƙaramin Ƙarfi

A Unguwar Romi da maƙwabtanta da ke kudu da Kogin Kaduna, ba abin mamaki ba ne mutum ya ci karo da samari huɗu ko biyar a bakin wani kango, ɗaya ya ɗaga wayar hannu yana ɗauka, ɗaya ya kwanta ƙasa an yayyafa wa rigarsa ruwan zoɓo a madadin jini, wani kuma ya aro kwat ya zama ɗan sandan ciki. Fim suke shiryawa, irin wanda akan yi kisa ko sata a farkonsa, sa'an nan a bi sawu har a gano mai laifi. In sun gama sai su ɗora a YouTube, nan da nan kuwa masu kallo su rabu biyu. Waɗansu su ce shirme ne, waɗansu su ce ai yara ne, a dai yaba musu. To, cikin biyun nan babu wanda ya yi musu adalci.

Larabawa suna kiran aikin tantance kyau da munin zance naƙadi. Asalin kalmar daga kasuwa take, watau mai canji ya ɗauki dirhami ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa, ya raba na gaske da na jabu. Ba ruwansa da ko a tsumma aka ƙunso kuɗin ko a jakar fata, shi dai azurfar yake nema. Haka ya kamata mai auna fim ya san cewa aibi iri biyu ne: akwai wanda talauci ya jawo, akwai kuma wanda ganganci ko ha'inci ya jawo.

Aibin talauci sananne ne. Hoto ya yi dishi-dishi, ƙarar janareto ta danne muryar mai magana, ɗakin da aka kira ofishin 'yan sanda kowa ya ga falon gidan wani ne. Wannan abin rangwame ne, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma kowane babba da rarrafe ya fara. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano cikin 1990, a kaset ɗin bidiyo aka yi shi da ɗan abin da ya samu, amma daga irinsa ne sana'ar da ake kira Kannywood ta tsiro. A nan Kaduna ma, cikin 2019 duniya ta ji labarin samarin nan masu kiran kansu The Critics, waɗanda suka yi ta shirya gajerun finafinai da waya mai fasasshen gilashi da ƙyalle kore, har daga baya J.J. Abrams, mashahurin mai shirya fim na Amurka, ya aiko musu da kayan aiki.

Amma fa fim na bin sawun mai laifi yana da wani sharaɗi wanda kuɗi ba ya saye. Alkawari ne tsakanin mai shiryawa da mai kallo, cewa duk alamar da mai bincike ya gani za a nuna wa mai kallo ita, don shi ma ya gwada basirarsa. Wani limamin Katolika na Ingila mai suna Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji goma na irin wannan labari cikin 1929. Daga cikinsu akwai cewa lalle mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun da wuri, kuma kada a warware matsala ta hanyar tsafi ko gaibu. Mai karatu ya duba, cika waɗannan ba ya cin ko kwabo, takarda da alƙalami da haƙuri kurum yake bukata. Saboda haka in aka kai ƙarshe sai ga boka ya buga ƙasa ya faɗi ɓarawo, ko uwa ta gan shi a mafarki, ko kuwa mai kisan ya haukace haka kawai ya tona kansa a kasuwa, babu damar a fake da rashin kuɗi. An karɓi lokacin mai kallo, an ba shi jabu.

Wanda yake so ya ga yadda alama ke magana, ya tuna ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam. An kawo wa mahaifinsa riga da jinin ƙarya, masu tafsiri suka ce ya lura ba ta yage ba, alhali kuwa kyarkeci ba ya cin mutum ya bar rigarsa lafiya. Daga baya kuma riga ce ta wanke shi a Masar, da aka ga ta baya ta yage. Hujja ke nan da ƙyalle ɗaya, wadda kowane mai hankali zai iya bi da kansa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, shi ne wa aka ɗora wa laifin. Tun bayan rikicin shekarar 2000 jama'ar Kaduna da yawa suka yi ƙaura, kowa ya koma ɓangaren kogin da ya ga nasa sun fi yawa, har yara suka tashi ba su san na ƙetare ba sai a bakin mutane. A gari irin wannan, fim ɗin da za a gane mai laifinsa tun fitowarsa ta farko saboda sunansa, ko suturarsa, ko karin harshensa, ya kasa ta fuska biyu. Ya ɓata wasan, tun da babu sauran abin nema, ya kuma koya wa yaro cewa zato shi ne shaida. Haka nan waɗanda kullum kishiya ce ko maigadi. Gwanin mai shiryawa yakan bar mai kallo ya zargi baƙon, sa'an nan ya kawo alamar da za ta sa ya ji kunyar zarginsa.

Mai yabon kome da kome kuwa, ko da ya yi nufin alheri, ya hana yaron abin da ya fi bukata, watau wanda zai ce masa a minti kaza ka ɓoye wuƙar, a wuri kaza mai bincikenka ya san abin da ba a nuna mana ba. Irin wannan gyara ba ya samuwa sai an kalli fim ɗin sau biyu. A karo na biyu an riga an san mai laifin, sai a koma farko a duba ko sawunsa yana nan tun a wancan kango.