Ɗaki Ko Gindin Itace?

Ga wata tambaya wadda ta kamata iyaye da malaman ƙananan yara su auna: daidai ne mu tsare yaro ɗan shekara 4 cikin ɗaki tun safe har azahar yana maimaita baƙaƙe, domin muna tsoron abin da ke waje?

Tsoron nan ba na banza ba ne. Dukanmu mun san wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Har a watan Satumba 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe makarantun jihar, bayan an sace 'yan makaranta a Kaya ta ƙasar Maradun. Uwar da ta hana ɗanta bin yayyensa zuwa bakin gulbin Gagare ba ta yi laifi ba, gama ran yaro ya fi kowane darasi.

Amma akwai wata hasara wadda ba a jin kukanta. Kakanninmu, tun ba su san harafi ba, sun san gawo yakan zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani. Ba wanda ya rubuta musu wannan a allo. Ido ne ya koya musu. Gyada da auduga waɗanda jirgin ƙasa ya riƙa kwasa daga Ƙaura bayan isowarsa a 1929, mutanen da suka saba da ƙasa tun suna yaye ne suka noma su. Idan mun yi renon yara waɗanda ba su taɓa ganin iri ya tsiro ba, mun tsare jikinsu, mun kuwa tauye hankalinsu.

Wani malami Bajamushe mai suna Froebel ya lura da wannan. A 1840 ya sa wa makarantarsa ta ƙanana suna mai ma'anar lambun yara, ya kuma shirya kowane yaro ya sami ɗan fegi nasa. Bai nemi kurmi ba. Fegi ya isa.

Haka mu ma. Idan zuwa daji ya faskara, tsakar gida da filin ɗakin sujada suna nan. Mu ba yaro ƙwayar gyada uku ya shuka da hannunsa. Zai ga tsiro wajen mako guda. Daga baya fure rawaya ya fito, ya bushe, wani ɗan tsinke ya sunkuya ya shige ƙasa, can kuwa 'ya'yan za su ƙosa cikin wata uku ko huɗu. A nan zai koyi ƙirga, da haƙuri, da tausayin abin da ba ya iya roƙon ruwa da bakinsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada mu ce sai lafiya ta dawo, gama ɗan shekara 4 ba ya tsayawa jiranmu. Kafin ruwan shuka ya sauka, kowane gida ya keɓe taki biyu na ƙasa domin ƙanana.